Karayar da ta ɓuya a gaban kunne

Tuwon dare ne ya fara gaya mini gaskiya. Na gutsuro 'yar loma, na kai baki da ƙyar, sai na ji haƙorana na sama da na ƙasa sun ƙi haɗuwa yadda suka saba. Turamen dama suna cin karo da juna tun bakin bai gama rufuwa ba, na hagu kuwa sun bar rata. Na sake gwadawa, wani zafi ya tsarga mini daga haɓa har cikin kunne. Mutum sai ya shekara arba'in yana buɗe baki yana rufewa, bai taɓa lura da yadda haƙora 32 ke zama cikin juna daram ba, sai ran da suka ƙi. Na mayar da lomar cikin kwano. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ko in dama maka kunu?" Na gyaɗa kai, don maganar ma ta fara yi mini nauyi.

Da la'asar ɗin ranar abin ya faru. Na taso daga makarantar da nake koyarwa a kan mashin ɗina, zan koma gida Pantami, hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari. Wani mai Keke Napep ya yanko gabana zai ɗauki fasinja, na taka birki a kan yashi, mashin ya zame. Haɓata ce ta fara isa bakin kwalbati. Hular kwanona tana gida a rataye, kuma ko da na sa ta, ba mai rufe haɓa ba ce. Jama'a suka taru, wannan sannu, wancan ya kawo ruwan leda, aka kai ni wani ƙaramin asibiti na unguwa. Aka yi mini ɗinki huɗu a ƙarƙashin haɓa, aka yi allurar titanos, aka ba ni maganin zafi. Ba wanda ya ce in cije haƙorana ya gani, ni ma ban kawo haka a raina ba. Jinin ya tsaya, na yi hamdala, na ɗauka tsautsayin ya ƙare a nan.

Da na zo alwalar Isha na kurkure baki, ruwan ya zubo ta gefen hagu ban ji zubarsa ba sai da ya jiƙa mini riga. Na taɓa leɓena na ƙasa, rabinsa na hagu ya mutu murus, kamar fatar wani aka liƙa mini. A sujada kuwa sai na ji duk nauyin kaina ya taru a gaban kunnen dama. A zaune na kwana, ina tofar da yawu mai haɗe da jini a wani tsohon gwangwani.

Gari na wayewa 'yan dubiya suka cika zaure. Goggo ta ce targaɗe ne, a gasa da ruwan zafi a shafa man zafi, kwana uku zai sake ni. Baffa ya ce akwai wani mai ɗori a wajen Kumo da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, a kai ni tun ƙashin bai yi sanyi ba. Ni ba na raina masu ɗori. Hannuna na hagu da ya karye ina ɗan shekara tara, mai ɗori ne ya ɗora shi, ga shi nan lafiya lau. Amma hannu ana jera masa kara a ɗaure, a rataye shi ya huta wata guda. Muƙamuƙi a ina za a sa karan? Ƙashi ne da ba ya hutu, haɗiyar yawu ma motsa shi take yi. Kuma in hannu ya ɗoru da 'yar karkata, mai shi zai ci gaba da nomansa, muƙamuƙi kuwa in ya kauce ko da kaurin ƙwayar gero ne, haƙora sun daina haɗuwa ke nan. Duk wannan yana raina, bakin faɗa ne babu. Hamma, babban wana, shi ya raba gardamar. Ya ce, "Baffa, a yi haƙuri a fara ɗauko hoto tukuna. Gani ya kori ji. In an gani, sai a san inda za a nufa." Baffa ya ce to, Allah ya sa a dace.

Wani gidan ɗaukar hoton ƙashi na kuɗi muka fara zuwa, don ya fi kusa kuma ba layi. Mai ɗaukar hoton ya sa na tsaya na jingina goshi da hanci a jikin wani allo, na'urar tana bayana. Ya shige bayan bango, na ji ƙit, shi ke nan. Darasin eksire na sha koyar da shi a aji. Na sha rubuta a allo cewa wani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano wannan haske a 1895, haske mai ratsa tsoka amma ƙashi ya tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari, tsoka ta yi toka-toka, iska ta yi baƙi. Abin da ban taɓa tsayawa na yi wa ɗalibai bayaninsa ba, don ni ma ban zurfafa tunani a kai ba, shi ne hoton nan inuwa ce kawai. Duk abin da hasken ya bi ta cikinsa, tun daga ƙeya har hanci, a kan leda ɗaya yake taruwa, wani a kan wani.

Mutumin ya ɗaga hoton a jikin fitila, ya nuna wa Hamma wani siririn layi baƙi kamar silin gashi, ya taso daga tsakanin haƙoran da ke bayan fiƙata ta hagu ya gangara har gindin ƙashin. Ya rubuta karaya ɗaya, a hagu. Ya ce mu tafi babban asibiti, sashen haƙori da tiyatar fuska. Har yau ina gode masa da wannan turawar. A cikin Keke Napep na rubuta wa Hamma a waya: to me ya sa kunnen dama ne ya fi yi mini ciwo? Ya karanta, ya ce wataƙila buguwa ce.

A babban asibitin, bayan yankar kati da zaman benci, muka shiga wajen wani likita matashi. Na miƙa masa ambulan ɗin hoton, ya karɓa ya ajiye a gefe bai buɗe ba. Abin ya ɗan sosa mini rai a lokacin, kuɗi muka biya. Ya fara da tambayoyin da a ganina ba su shafi haɓa ba. Na suma da na faɗi? Na yi amai? Wuyana yana ciwo? Ina gani biyu-biyu? Numfashi fa, in na kwanta rigingine? Daga baya ya ce bugun da ya isa ya karya muƙamuƙi ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙashin wuya, waɗannan kuwa su ke kisa. Ya ce wanda haɓarsa ta karye ta gefe biyu a gaba, harshensa na iya zamewa baya ya toshe masa numfashi, don a jikin ƙashin nan harshe yake ɗaure.

Sannan ya sa safar hannu. Ya haska ƙarƙashin harshena, ya kira Hamma ya ga yadda jini ya kwanta a wurin ya yi baƙi-baƙi. Ya bi layin haƙoran ƙasa da yatsa har ya tsaya inda wani haƙori ya ɗara maƙwabcinsa tudu, dasashin wurin ya tsage. Ya shafa auduga a leɓena, dama na ji, hagu shiru. Sai ya koma bayana ya sa ƙananan yatsunsa a cikin kunnuwana biyu, ya ce, "Malam, buɗe a hankali, iya inda za ka iya." Na buɗe. Ya ce in sake. Ya ce wa Hamma, "Yallaɓai, dubi haɓarsa in ya buɗe." Haɓar tana karkata dama.

"Malam, ka san ƙuli-ƙuli mai zobe?" Na gyaɗa kai. "Ka taɓa karya shi ya karye a wuri ɗaya tak?" Na tsaya ina tunani. Ya ce muƙamuƙin ƙasa lanƙwasasshe ne, ƙarshensa biyu kuma suna maƙale a ƙoƙon kai, a gaban kowane kunne, to shi da ƙoƙon kai sun zama zobe. In an bugi haɓa, ƙarfin bugun yana bin ƙashin ya tafi baya har ya isa inda ya fi siranta, wato wuyan da ke ƙarƙashin gaɓar nan ta gaban kunne, sau da yawa a ɗaya gefen. Shi ya sa in suka ga karaya ɗaya a muƙamuƙi, ba sa hutawa sai sun nemi ta biyu. A hagu yana jin kan ƙashin yana motsi a ƙarƙashin yatsarsa, a dama ba ya jin komai.

Sai a lokacin ya buɗe ambulan. Ya ce hoton bai yi ƙarya ba, kuma wanda ya ɗauka bai yi kuskure ba, iyakar abin da zai iya nunawa ke nan. Ya sa biro a saman hoton, wajen kunnuwa, inda komai ya cakuɗe ya yi fari. Ƙasusuwan gindin ƙoƙon kai ne suka hau kan gaɓar suka rufe ta. Ya ce a aikin ƙashi ba a yanke hukunci da hoton da aka ɗauka ta fuska ɗaya, sai an sami na biyu daga wata kusurwa. Ya ɗauki takarda ya rubuta haruffa uku, OPG, ya ce wannan na'urar zagaya kai take yi.

Wuta ta ɗauke kafin layi ya zo kaina, muka zauna jiran a tayar da janareta. A wannan zaman ne na ga yaron da har yau bai bar raina ba. Zai kai shekara goma sha ɗaya, yana zaune jikin mahaifinsa, sun zo daga wani ƙauye a wajen Dukku. Haɓarsa 'yar ƙarama ce, ta shige ciki, kamar fuskar ta girma ta bar ta a baya. Hamma ya gaisa da uban, hira ta yi hira. Ya ce yaron yana ɗan shekara biyar ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya bugi haɓa. An wanke ciwon, ya warke, tabon ma da ƙyar ake ganinsa. Sannu a hankali bakin ya riƙa ƙin buɗuwa, shekara bayan shekara, har ya zama ko cokali ba ya shiga. Fura ake dama masa ruwa-ruwa yana zuƙa ta tsakanin haƙora. An yi rubutu, an yi turare, an ce iska ce. Yaron yana jinmu, idonsa a ƙasa.

Da na koma wajen likita na rubuta masa tambaya a kan irin wannan. Bai yi maganar yaron ba, ya yi mini bayanin abin a dunƙule. Ya ce a yara, wannan kan ƙashin na gaban kunne daga nan muƙamuƙi yake samun yawancin girmansa. In ya fashe ba a gano ba, jini ya taru a gaɓar, yaro ya daina motsa baki saboda zafi, sai ƙashin ya manne da ƙoƙon kai. Baki ya kulle, haɓa ta daina girma. Ni malamin makaranta ne. Yara nawa na gani sun faɗi a filin wasa sun fasa haɓa, muka wanke da ruwan gishiri muka liƙa filasta muka ce su koma aji? Ban taɓa ce wa ko ɗaya ya buɗe baki ya rufe in gani ba, ban taɓa tambayar ko gaban kunnensa na ciwo ba. Wannan tunanin ya fi karayar tawa hana ni barci a daren.

Wuta ta dawo. A gabana akwai wata Hajiya da 'yarta. Mai ɗaukar hoton, wata mata mai haƙuri, ta sa 'yar ta cire 'yan kunne da sarƙa da allurar da ta maƙale ɗankwali, ta kuma ja ta gefe ta tambaye ta a hankali ko tana da juna biyu. Hajiyar ta nuna haƙorin Makkanta ta ce wannan fa? Aka ce wanda ba ya ciruwa a bar shi, zai dai fito fari tas a hoton. Ƙarfe ya fi ƙashi tare hasken, ɗan kunne ɗaya yana iya jefa inuwarsa har ɗaya gefen fuska ya rufe abin da ake nema.

Na'urar a tsaye take, ta fi ni tsawo, da hannaye biyu masu fuskantar juna. Aka ce in matso, in kama maɗauri biyu, in sa haɓa a kan wani ɗan tudu. Nan ɗinkina yake, sai ta shimfiɗa auduga. Akwai wani ɗan tsinken roba da ake so mutum ya ciza da haƙoran gaba, ni kuwa cizon ne ba ni da shi. Ta ce in dai ɗora haƙoran a kai kawai, kada in matsa. Wani jan haske ya ja layi a tsakiyar fuskata, ta gyara kaina da tafin hannunta har layin ya zauna daidai. "Malam, sauke kafaɗa. Rufe leɓe. Manna harshenka a ganɗa, kada ka haɗiyi yawu har sai na ce." Hannayen suka fara zagaya kaina suna wani siririn kuka, ɗaya ta bayan ƙeya, ɗaya ta gaban fuska. Duka bai kai daƙiƙa 20 ba, amma yawu ya taru, na haɗiya. Ta duba kwamfuta ta ce sai an sake. Ta nuna mini inda gindin ƙashin ya yi wani tsalle kamar matakala, ta ce wannan ba karaya ba ce, motsina ne, kuma irin wannan yana iya ruɗar mai karantawa. A karo na biyu na riƙa salati a zuci har ta ce ya isa.

Wannan hoton daban yake da na farko. Muƙamuƙin gaba ɗaya an baje shi daga kunne zuwa kunne, kamar fatar ragon layya da aka shanya, haƙora sun jeru da saiwoyinsu. Tsakiyarsa ya ɗan yi dishi-dishi, likita ya ce inuwar ƙashin wuya ce, kuma nan ne raunin wannan hoton, shi ya sa na farkon ma yana da amfaninsa, su biyun suna cike wa juna. Ya nuna mini wata hanya mai duhu da ta bi ta cikin ƙashin a ƙarƙashin saiwoyin turame, ta zo ta ɓulle ta wani ɗan rami. Ta nan jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji take bi. Karayar hagu ta ratsa dab da ramin. Ga dalilin mutuwar leɓena a fili, ina kallonsa. Sai ya matsa da biro can sama ta dama. Wuyan ƙashin bai miƙe kamar na hagu ba, akwai wani wuri da fari ya ninku a kan fari. Ya ce ga ta nan. Na ji wani sanyi a raina duk da labarin ba mai daɗi ba ne. Tun daren jiya kunnen nan yake faɗa mini, sai yanzu aka sami mai gaskata shi.

Na ɗauka an gama. Likita ya ce ya san akwai karaya, abin da bai sani ba shi ne ina kan ƙashin ya nufa. Akwai tsokar da ke jan sa gaba da ciki in ya rabu da jikinsa. Ya karkata ne kaɗan, ko ya fice daga gurbinsa gaba ɗaya? Ta gefe ake kallonsa a wannan hoton, karkatar ciki ba ta bayyana sosai. Amsar kuwa ita za ta raba tsakanin a yanka gaban kunnena ko a bar shi. Yana son siti-sikan, wato hoton da kwamfuta ke fitarwa yanka-yanka. Ya faɗi gaskiya cewa akwai wani hoton eksire da ake ɗauka ta ƙeya baki a buɗe, mai araha, wanda ke nuna wuyan ƙashin, kuma da shi ake aiki a inda ba siti, amma ni bakina ba ya buɗuwa yadda za a samu mai kyau.

Na'urar siti ta asibitin ba ta aiki a makon, sai wata cibiya a cikin gari. Da aka faɗi kuɗin, Hamma ya yi shiru ya dubi ƙasa. Ya ninka na hotunan farko biyu sau da yawa. A nan ne mutane da dama suke naɗe takardarsu su koma gida, kuma ba zan zarge su ba, na ga yadda abin yake. Hamma ya sayar da buhunan wake biyu da ya ajiye, malaman makarantarmu suka ba ni kwasar adashin watan alhali ba layina ba ne. Uwargida kuma damuwarta daban. Ta ji ana cewa hasken hoto yana cin jini, ga shi za a yi mini na uku cikin kwana uku. Na kai wa likita wannan ma. Ya ce na zagayen nan kaɗan ne, kwatankwacin abin da kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan kwanaki. Na siti ya fi shi nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a yin sa don sha'awa, sai in amsar da zai bayar za ta canza magani. Tawa za ta canza.

A cibiyar na zauna kusa da wani dattijo da ya taso tun daga Biu da asuba saboda wannan hoton. Ɗakin sanyi ƙalau. Aka kwantar da ni a wani siririn gado, kaina a cikin wani mazubi, aka ɗaure goshina da maɗauri. Gadon ya shiga da ni cikin wani ƙaton zobe. Ba allura, ba zafi, sai ƙara kamar ta injin niƙa daga nesa. Shiryawar ta fi ɗaukar hoton daɗewa. Daga baya, a kwanakin da na yi ba magana, na karanta cewa wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera na'urar farko, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971. Hasken Rontgen ɗin nan ne dai, sai dai yana zagaya mutum ta kowace kusurwa, kwamfuta ta tattara ta fitar da shi yanka-yanka kamar an yanka burodi, ba abin da ke hawa kan wani.

Likita ya sa faifan a kwamfutarsa. Ya fara bin yankan ɗaya bayan ɗaya, ni ban gane komai ba, sai zane-zane fari da baƙi suna girma suna ƙanƙancewa. Sai ya danna wani wuri, ƙoƙon kaina ya bayyana ɗungurungum. Ba fata, ba tsoka, ramukan ido biyu, haƙora a waje. Ya sa yatsa yana juya shi. Hamma ya ce, "Subhanallahi." Ni ma shi na faɗa a zuci. Abin da ƙasa ce kaɗai za ta gani bayan raina, ga shi ina kallo da raina. Na daɗe ban ji ƙanƙantar kaina a gaban Mahalicci kamar a wannan kujerar ba.

Ya juya shi ta baya, ta inda babu hoton da ya taɓa leƙawa. Wuyan ƙashin dama ya karye, kan ya ɗan sunkuya ciki, amma yana nan a gurbinsa, kuma tsawon wannan gefen bai ragu sosai ba. Ta hagun ma ta nuna wani abin da ta ɓoye: a karkace ta tsaga ƙashin, ta ɓangaren harshe ta fi tsawo nesa da yadda ake ganinta ta waje. Ya ce alhamdu lillahi, ba sai an taɓa gaban kunne ba. Ta wurin ne jijiyar da ke motsa fuska take bi, mai rufe ido da ɗaga gira, ba a shiga sai dole.

A nan na gane abin da kuɗin waken Hamma ya saya. Da karayar hagu kaɗai aka sani, da an iya ɗaure mini haƙoran sama da na ƙasa da waya mako huɗu zuwa shida a sallame ni. Gaɓar da ta karye kuwa ba ta son doguwar ɗaura, sandarewa take yi. Don haka ya ce a sa ƙarfe a ta hagu ta tsaya da kanta, ta dama kuma a bi ta da roba na ɗan lokaci, a fara motsa bakin da wuri. Ya ƙara mini da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ranar farko, don karayar da ta bi ta tsakanin haƙora a buɗe take ga duk abin da ke cikin baki.

Aikin kansa ba ni da labarinsa da yawa, barci aka sa ni. Ta cikin baki aka yanka, ba tabo a waje. Na farka da wasu siraran ƙarafa a jikin haƙoran sama da na ƙasa, an saƙala robobi a tsakaninsu. Mako uku ina rayuwa a kan kunun gyaɗa da romo da fura da nono da aka tace, ina kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane sha. Wandunana duk suka yi mini yawa. Abin da na fi kewa ba nama ba ne, karatu da ƙarfi ne a sallar Asuba. Goggo ce ta riƙa aiko kunun kullum da safe, Baffa kuma da ya ga hoton ƙoƙon kan a wayar Hamma, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah. Wannan kam hannu ba zai lalubo shi ba."

Da aka cire robobin aka sake hoton zagaye. Wannan karon na ciji tsinken da kaina. Ƙarafan taitaniyam biyu sun fito fari ƙal a hagu, kowanne da 'yan kusoshinsa, layin baƙin ya fara dushewa. Likita ya ce in jera yatsuna a tsaye in sa tsakanin haƙoran gaba. Biyu suka shiga. Ya ce lafiyayyen baki uku yake ɗauka, in riƙa gwadawa kullum a gaban madubi, ina lura kada haɓar ta gudu dama. Leɓen kuma ya fara yi mini kamar kiyashi na tafiya a ciki. Ya ce alama ce mai kyau, jijiya a hankali take farfaɗowa, wata da watanni, kuma wani lokaci ba ta dawowa duka.

Ina fitowa daga ɗakin na hango mutumin Dukku a kan bencin nan, yaron na jikinsa. Ya gane ni kafin in gane shi. Ya ɗaga mini wani babban ambulan irin na cibiyar siti, ya ce sai da ya sayar da ɗan maraƙi, amma an yi, an kuma ba su ranar aiki bayan Sallah. Na durƙusa na gaida yaron, na tambaye shi aji nawa yake. Ya ɗaga yatsu huɗu.